Abubakar Imam: Saurayin da ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22

In fetur ya yi wuya a gari, ko ana neman sababbin kuɗi ana gab da Sallah, ko budurwa ta yi kwana uku ba ta ɗaga waya ba, sai ka ji an ce abin ya zama ruwan Bagaja. Muna rubutawa a Facebook, muna faɗa a majalisa wajen mai shayi. Amma da yawa daga cikin masu faɗar ba su taɓa buɗe littafin da ya yayata wannan suna ba, balle su san cewa wanda ya rubuta shi shekararsa 22 a lokacin. Wato sa'an wanda yake zaune a gida yau yana jiran a kira shi bautar ƙasa.

In an ambaci Alhaji Abubakar Imam, abin da ke zuwa ran mutane dattijo ne mai lambobin girma jere a bayan sunansa. Ya zama hakan daga baya. Amma wanda ya ƙirƙiro Malam Zurƙe da Waziri Aku saurayi ne, malamin makaranta a Katsina, wanda bai daɗe da fara karɓar albashi ba.

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda yanzu take cikin jihar Neja. A wannan shekarar ce kuma Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarautar Daura. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa. Gidansu Imam gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da tawada ya buɗe ido. Yana da wa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da fiye da shekara ashirin, yana koyarwa a Katsina. A 1922, Imam yana ɗan shekara 11, aka kawo shi Katsina hannun wannan wa nasa, aka sa shi makarantar boko. Tun daga nan Katsina ta zama gida.

A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina. Wannan makaranta ita ce ƙololuwar boko a Arewa a wancan zamani, kuma 'yan kaɗan ake ɗauka daga kowane lardi. Turawa sun tsananta wa ɗalibai a kan Turanci, har yadda za ka furta kalma sai an gyara maka. Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardauna, yana gabansa da shekara ɗaya. Abubakar na Bauchi, wanda duniya ta sani da Tafawa Ɓalewa, yana bayansa da shekara ɗaya. Ginin kwalejin na ƙasa yana nan har yau a cikin birnin Katsina, an mayar da shi gidan tarihi, wanda ya shigo daga Daura zai iya leƙawa ya koma gida kafin la'asar. Imam ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina, makarantar da 'yan Daura ma suka riƙa zuwa bayan an haɗa masarautun biyu a lardi ɗaya a 1934.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya yi ta riƙe alli har ya tsufa, kuma da ba ku san shi ba.

A Zariya akwai wani ofishi da ake kira Hukumar Fassara, wanda daga baya aka mayar Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature, Dokta Rupert East. Matsalar da ta dame shi mai sauƙin ganewa ce. An koya wa yara karatun boko da Hausa, amma in sun iya ba abin da za su karanta don jin daɗi, sai littafin lissafi da na kiwon lafiya da tarihin da aka fassaro. Kamar a ba ka sabuwar waya ne ba data. Sai a 1933 ya shirya gasa, ya bi manyan garuruwa yana roƙon malamai da ma'aikata su ƙago labari su rubuta.

Abin bai zo da sauƙi ba, shi kansa East ya rubuta irin wahalar da ya sha. A wurin malaman lokacin, alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi. Labarin da bai faru ba kuwa sunansa tatsuniya, aikin tsofaffin mata da yara ne da dare, Gizo da Ƙoƙi. Babban mutum mai rawani ya zauna ya shirya ƙarya, ya rubuta, ya sa sunansa a kai? Da yawa sun ga abin zubar da girma ne. Duk da haka an samu waɗanda suka gwada, aka zaɓi littattafai biyar aka buga: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, Ganɗoki na Bello Kagara, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ku duba da kyau, biyu daga cikin biyar daga gida ɗaya suka fito, wa da ƙane. Kuma dukkan biyun nan akwai aljannu a ciki. Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ga kakar gasarku nan.

Ga wanda bai karanta Ruwan Bagaja ba, ga ƙashin labarin. Ɗan sarki ba shi da lafiya. Liman ya ce in da za a samo ruwan Bagaja zai warke, sai aka yi masa dariya a fada, aka wulaƙanta shi. Yaron da Liman ya riƙa ya ji zafin abin, ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan nan ko a ina yake. Ya fita, bai dawo ba sai bayan shekara 15. Sunan jarumin Alhaji Imam, garinsu Kwantagora. Eh, marubucin sunansa ya liƙa wa jaruminsa, ya kuma ba shi ƙasarsu. Ƙarfin hali irin na ɗan shekara 22 ke nan.

Sai dai ba neman ruwan ne ya sa littafin ya zauna a zukatan mutane ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da Alhaji ya sauka sai ya ci karo da shi, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama a gari na gaba, a sha duka, a sha ɗauri, a rabu, a sake haɗuwa. Kuma jarumin namu ba waliyyi ba ne, ɗan duniya ne na ƙarshe. Akwai inda ya sauka a garin da ba masu karatu, ya ce shi babban malami ne alhali bai san komai ba, yana ta cin sadaka. Sai ga Zurƙe, wanda shi yana da karatun gaske, ya zo zai tona masa asiri a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a faɗi mene ne. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa. Alhaji ya ce ina, jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga lallai ya yi kama da wata, suka bi mai ilimin da jifa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa masani rubdugu a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook, saboda mai ƙaryar ya fi shi iya magana da yawan mabiya, ya san wannan fage. An rubuta shi tun 1933.

Can ƙarshe labarin ya bar duniyar mutane ya shiga ta aljannu, aka samo ruwan, ɗan sarki ya warke, Liman ya fita kunya. Wannan shi ne irin littafin da Turawa ke ware wa kanta guda a shagunansu, na matasa mai cike da abin al'ajabi, irin su Harry Potter da ya fito a 1997. Namu ya riga shi da fiye da shekara sittin.

East ya gane ya samu wanda yake nema. A 1936 ya sa aka ba shi aron Imam daga Katsina na wata shida. Aka sauke shi a Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na mutanen Gabas, aka ce ya karanta ya fitar da abin da yaran makaranta za su karanta. A cikin wata shidan nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labarai wajen 80. Aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Wata shida fa, da hannu, ba kwamfuta. Wasunmu mun fi shekara muna cewa gobe za mu saki babi na biyu.

Littafi na ɗaya shi ne gwanin. Wani sarki mai arziki, Abdurrahman, ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, wazirinsa kuwa ya zuba ido yana jiran gado. Sai aka haifi Musa. Yaƙi ya taso da Sarkin Sinari, sarki ya fita daga, ya bar Musa a gida. Waziri ya shirya mutanensa, jira kawai suke yaron ya leƙo waje su gama da shi. Musa kuwa jini na tafasa, kullum dare sai ya yi ɗamara zai bi mahaifinsa. Abin da ke tsakaninsa da mutuwa tsuntsu ne guda, aku. Duk sanda ya zo sallama, sai aku ya jawo wani labari, kafin a gama gari ya waye. Haka aka yi ta yi har sarki ya dawo, asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. Masu shirya fim mai dogon zango da ke yanke shiri daidai inda ranka ya fi so, ku sani aku ya riga ku. Bambancin kawai, shi in labarinsa bai yi daɗi ba, ran yaro ne zai tafi.

Yanzu mu dawo kan sunan da na ce ku riƙe. Lokacin da littafin ya fito, sarkin da ke kan gadon Daura shi ne Abdurrahman, ɗan Sarki Malam Musa, kuma ya yi mulki har 1966. A littafi Abdurrahman ne ya haifi Musa, a Daura Musa ne ya haifi Abdurrahman. Ka ɗauki yaron Daura a aji a wancan lokaci, ya buɗe shafin farko, ya ci karo da sunan sarkin garinsu. Ga waziri, ga fadawa, ga dogarai, ga bayi, ga 'yan sulke da 'yan lifida, duk abin da yake gani da idonsa ranar hawan Sallah ko Gani. Wa zai gaya masa wannan labari baƙo ne?

Alhali kuwa baƙon ne. A nan ne maganar take.

Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan adabin Imam, da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bi sawun labaran nan har inda aka ɗebo su. Aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labari, asalinsa daga Indiya ne, daga wani tsohon littafi na labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu da sunan Tutinama. Wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin da 'yan uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tattara. Ruwan Bagaja ma haka. Mutum biyu da ke ta haɗuwa gari-gari, ɗaya yana damfara da zaƙin baki, wannan tsarin Maƙamatul Hariri ne, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu, kuma Imam bai ɓoye cewa ya amfana da shi ba. Neman ruwan da zai warkar da mai sarauta kuwa akwai irinsa a cikin na Grimm.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasa: ashe shi ma kwafi ya yi, to me ya sa ake zagin 'yan Kannywood in sun ɗauko fim ɗin Indiya? Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana wannan muhawara a jaridu tun kafin a haifi wasunku. Amsar tana cikin abin da ya yi da kayan aron.

Ɗauki labarin akun. A na Indiya da Farisa, matar wani ɗan kasuwa ce mijinta ya yi tafiya, take son fita wurin wani namiji da dare, aku ke riƙe ta da hira. Imam ya cire matar, ya cire kwartancin, ya sa yarima mai ɗokin yaƙi, ya ƙara waziri maci amana. Da wannan canji guda labarin ya tashi daga ɗakin matar aure ya koma fada, ya zama maganar gadon sarauta da hassada da amana, abin da kowane Bakatsine da Badauri ya san zafinsa. Ko ɗauki Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm, wata kuku ce mai kurɓar giya ta cinye kajin da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo. A wurin Imam ta zama matar gida da mijinta mai son gayyato baƙi. Ta cinye kajin, ta raɗa wa baƙo cewa wuƙar da maigida ke wasawa ta yanke masa kunne ce, ta koma ta ce wa miji baƙo ya gudu da kaji. Sai ga miji da wuƙa tsirara yana bin baƙo yana roƙon ko guda ɗaya a bar masa, shi kaza yake nufi, baƙo kuwa kunnensa yake ji. Ƙashin na Jamus ne, amma wanda ya karanta zai rantse a unguwarsu aka yi.

Ga kuma Hausar. Karin magana a bakin kowa, kirari, baƙar magana, zolaya, yadda bafade ke gaisuwa daban da yadda ɓarawo ke rantsuwa. Yawancin labaran ma karin magana ne sunansu. Shi ya sa mutane da dama suka girma suna zaton tatsuniyoyin kakanninmu ne ya tattara kawai.

Yanzu kwatanta da abin da ke yawo a wayoyinmu. Ana rubutu sosai, wannan abin farin ciki ne. A WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks akwai 'yan mata da samari masu dubban masu karatu, ga masu karanta littattafai a YouTube, ga littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da suka riƙe samari shekara da shekaru. Amma sau nawa ka buɗe labari ka tarar fim ɗin Koriya ne ko na Indiya aka canza wa suna kawai? Jarumi sunansa na Hausa, amma gidansu, da abincinsa, da yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana, ba ka taɓa ganin irinsu ba daga Zango har Mai'aduwa. Rabin zancen ma da Turanci. Aron ba laifi ba ne, wanda ake kira uban ƙagaggun labaran Hausa ma ya yi. Aikin da ke biyo bayan aron ne ake gudu.

Abin ya fi ba ni mamaki ga 'yan Daura. Kuna zaune a kan labarin da marubutan wasu ƙasashe za su yi rububinsa: baƙo daga Bagadaza, maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, tsohuwa Ayana da ta ce ba ruwa sai Juma'a, macijiya a rijiyar Kusugu, sarauniya Daurama da jerin sarauniyoyin da suka gabace ta. Shi ma labarin neman ruwa ne. Rijiyar tana nan, ana zuwa ana ɗaukar hoto a bakinta. Ayana kaɗai, tsohuwar da ta ga komai daga ƙofar ɗakinta a daren, ta isa littafi guda.

Kada kuma a ɗauka komai na Imam tsarkakakke ne. Aikin gwamnatin mulkin mallaka ya yi, don makarantunta, kuma East yana duba abin da ya rubuta yana gyarawa. Ba za ka ga an taɓa Bature a ciki ba, sarauta kuma kullum tana da gaskiya in dai an kawar da mugun waziri. Mata a labarai da yawa ko masu makirci ne ko kyautar da ake ba jarumi a ƙarshe. Baƙauye kuwa abin dariya ne kusan ko da yaushe. 'Yar shekara 19 da ke karanta shi yau tana da damar ta ji haushin wasu wurare. Ni dai ina ganin littafi na ɗaya ya fi sauran biyun armashi, don a nan ne kaɗai ake jin tsoron wani abu zai faru. Na biyu gasa ce tsakanin Waziri Aku da wani aku mai suna Haziƙ, na uku kuma aku ne ke koyar da ɗansa Fasih. Akwai labarai masu daɗi ƙwarai a cikinsu, amma ba wanda ake jira a bakin ƙofa da takobi.

Daga nan rayuwarsa ta juya. Ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ɗin Hitila. Gwamnati ta ga tana bukatar jaridar da za ta yi magana da mutane da harshensu. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka ɗauko Imam daga aji aka ba shi editan Hausa. Ya riƙe wannan kujera shekara 12. A nan ya yi wani aikin da ba a cika yaba masa ba. Kullum sai an samo yadda za a faɗi sabon abu da Hausa, kayan yaƙi, majalisa, zaɓe, tsarin mulki, kuma a faɗe shi yadda mai sauraro a ƙofar gidan dagaci zai gane in ana karanta masa. Hausar jarida da muke rubutawa yau, har wannan da kuke karantawa, a wannan tebur aka fara saita ta. Shafin wasiƙu kuma ya zama dandalin da matasan Arewa masu ilimi ke kawo kukansu, irin aikin da Facebook ke yi mana yanzu, sai dai nasu sai ka jira mai kai wasiƙa.

A 1943, yaƙi na tsakiyar ci, jiragen ruwa na nutsewa a teku, aka gayyaci editoci takwas daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam ne ya fito daga Arewa, Nnamdi Azikiwe na cikin tawagar. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, aka ce kowa ya sa hannu. Imam ya ƙi. A ganinsa takardar ba ta duba halin da Arewa ke ciki ba. Har yau akwai masu ganin ya kyauta da masu ganin ya ja da baya a inda ya kamata ya matsa. Amma wanda zai ce ɗan amshin Shatan Turawa ne, sai ya haɗa da abin da ya yi a wannan tafiya. Ya je ya sami Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi ya kuma kafa mulkin En'e, a lokacin ya tsufa ya yi ritaya, ya zayyana masa yadda tsarin nasa ya lalace: zaluncin da ake yi wa talaka, da yadda aka toshe bakin matasa masu ilimi. Ya kuma bi shi da wasiƙu a rubuce. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sauran sai a taƙaice. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da su Dokta Dikko a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama NPC. An zaɓe shi majalisar Kaduna da ta Legas a 1951, amma bai daɗe a siyasa ba. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, har ya shugabance ta, a shekarun da ake fafutukar cike ofisoshi da 'yan Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa.

Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka yi da East a kan halittu da kimiyya, da Tarihin Annabi Kammalalle, da wasu na tarihin Musulunci. Amma bai sake zama ya gina wata duniya irin ta Zurƙe ko ta Aku ba. Ku lissafa: Ruwan Bagaja a 1933, Magana Jari Ce a 1936. Duk abin da yaro ke tunawa da shi in an ce Abubakar Imam, ya gama rubuta shi yana da shekara 25. Ya rayu shekara 45 bayan haka, a ofis da majalisa da taro. Arewa tana da 'yan boko ƙalilan a lokacin, duk wanda ya iya wani abu sai a ɗora masa goma. Ta samu edita da ɗan majalisa da shugaban hukuma, mu kuma masu karatu ba mu samu littafi na huɗu ba. Duk sanda na ga marubuciya mai hannu ta yi shiru bayan aure, ko marubuci ya ɓace bayan ya samu aikin banki, wannan lissafin nake tunawa.

Littattafan dai ba su tsufa tare da shi ba. An yi ta karanta su a firamare da sakandare, ana fitar da tambayoyin jarrabawa daga cikinsu. An fassara Ruwan Bagaja zuwa Turanci. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, da su marigayi Ƙasimu Yero, ku tambayi iyayenku yadda ake cika gidan mai talabijin in an fara. Kamfanin NNPC na Zariya, na littattafai ba na man fetur ba, shi ya ci gaba da buga su, kuma har yanzu za ka same su a shimfiɗe wurin masu sayar da littattafai a bakin kasuwa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ya bar tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa bai ƙarasa ba, Alhaji Abdurrahman Mora ya tattara ya kammala, aka buga a 1989. Da Turanci aka buga shi.